Wa Ke Ƙidaya Mu, Kuma Da Wane Mudu?

 

A cikin saƙonnin da suka shigo mana akwai na wata ɗaliba 'yar aji biyu na babbar sakandare. Ta ce ita ba 'yar ajin kimiyya ba ce, burinta ta zama lauya ko 'yar jarida domin ta riƙa tsaya wa talakawa, to don me ake takura mata da lissafi? Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin inda x da y suka share wa wani hawaye ba. Maganar ta ba ni dariya, amma na san ba ita kaɗai ke da ita a zuci ba. Saboda haka yau da ita za mu yi, sauran kuma ku matso kusa.

Ƙanwata, amsata a taƙaice ita ce, mai son tsaya wa talaka ya fi kowa bukatar lissafi. Idan kika ce ana danne wasu, za a ce miki ra'ayinki ne. Idan kika ce mutum nawa ne, a ina suke, kuma me suka rasa, dole a zauna a saurare ki. Akwai malaman jami'o'i a ƙasashe daban-daban da suka haɗa kai a kan wannan aiki, wato auna tazarar da ke tsakanin mutane da alƙaluma. Zan ba ku labarin ayyuka uku daga cikin nasu, ku yi wa kanku alƙalanci.

Ajin da kowa ke da dubu ɗaya

Kafin nan bari mu ɗan yi wasa. A ce ku goma ne a layi ɗaya a aji. Mutum tara kowa ya zo da naira 200 kuɗin tara, na goman kuma ya zo da naira 8,200. Idan aka haɗa, naira 10,000 ke nan. A raba gida goma, kowa ya tashi da 1,000. Sai wani ya je ya ba da rahoto cewa a wannan layi matsakaicin kuɗin tara naira dubu ne, yara suna cikin wadata. Bai yi ƙarya ba, lissafinsa daidai ne. Amma mutum tara daga cikinku sun san abin da ke aljihunsu.

Haka matsakaici yake yi wa ƙasa sukutum. Yana haɗa mai ƙoshi da mai yunwa ya fitar da wani mutum da babu shi. Wanda ya iya lissafi zai ce a jera kuɗin daga ƙarami zuwa babba a duba na tsakiya, sai a ga 200. Zai kuma ce a rarraba alƙaluman: maza nawa, mata nawa, 'yan birni nawa, 'yan ƙauye nawa. A wannan rarrabawar ake gano wanda aka bari a baya.

Mukan ce yatsun hannu ma ba daidai suke ba, kuma gaskiya ne. Mutane sun bambanta a harshe, ƙabila, addini, launin fata da wurin zama, kuma wannan bambanci ado ne ga al'umma. Abin da masu binciken nan ke bi shi ne inda bambancin ya zama shi ke yanke wa yaro ko zai yi karatu, ko zai sami magani, ko za a ɗauke shi aiki, tun kafin a ga ƙoƙarinsa.

Sunan da ke saman takarda

Aiki na farko a Amurka aka yi shi. Baƙaƙen fatar ƙasar sun daɗe suna kukan cewa ana nuna musu bambanci wajen ɗaukar aiki. Masu kamfanoni kuma suna cewa su cancanta kawai suke dubawa. Kowa da bakinsa, babu mai raba gardama.

Sai malamai biyu masana tattalin arziki suka haɗu: Marianne Bertrand ta Jami'ar Shikago, da Sendhil Mullainathan wanda a lokacin yake koyarwa a jami'ar fasaha ta MIT. A shekarun 2001 da 2002 suka riƙa duba tallan neman ma'aikata a jaridun biranen Boston da Shikago. Suka shirya takardun neman aiki kusan 5,000 na mutanen da babu su, suka aika wa tallace-tallace sama da 1,300. Dabarar tana wajen suna. Wasu takardun an sa musu sunayen da aka fi sanin farar fata da su, irin su Emily da Greg. Wasu kuma an sa musu sunayen da aka fi sanin baƙar fata da su, irin su Lakisha da Jamal. Kuma ba zaɓa suka yi da son rai ba, ƙuri'a ce ta raba sunayen a kan takardun, yadda ba za a ce takardun wani ɓangare sun fi na wani kyau ba.

Da suka wallafa sakamakon a 2004, ga abin da ya fito: mai sunan farar fata yakan aika takarda kamar 10 kafin a kira shi sau ɗaya, mai sunan baƙar fata kuwa sai ya aika kamar 15. Ku ɗauki biro ku raba ɗaya bisa goma da ɗaya bisa sha biyar, za ku sami ɗaya da rabi. Ma'ana, suna kaɗai ya ƙara wa wani damar kira da kashi 50 cikin 100. Karatu iri ɗaya, ƙwarewa iri ɗaya, babu wanda ya ga fuskar wani.

Bayan kusan shekara ashirin wasu malamai uku, biyu daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ɗaya daga Jami'ar Shikago, suka maimaita gwajin da faɗi. Suka aika takardu sama da 80,000 ga manyan kamfanoni 108. Sun tarar bambancin yana nan, amma sun gano wani abu sabo: ba dukkan kamfanonin ke yi daidai wa daida ba. Kimanin kashi ɗaya bisa biyar na kamfanonin su ke da alhakin kusan rabin giɓin. Kun ga amfanin ƙidaya ke nan. Ta tabbatar wa mai kuka kukansa, ta kuma hana a yi wa kowa kuɗin goro.

Mudun auna talauci

Aiki na biyu ya taso daga Ingila, amma ya iso har ƙofar gidajenmu.

An daɗe ana auna talauci da kuɗi kawai: a ja layi, wanda abin da yake kashewa bai kai layin ba shi ne talaka. Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 1998, ya daɗe yana nuna cewa wannan bai wadatar ba. Mutum zai iya samun 'yan kuɗi a hannu alhali babu asibiti kusa da shi, babu makaranta, babu ruwa mai tsabta. Kowa ya yarda da maganar, amma ta yaya za a mayar da ita lamba?

A 2007 aka kafa wata cibiyar nazarin talauci a Jami'ar Oxford, jami'ar nan da sunanta ke jikin ƙamus ɗin Turancin da yawancinku ke amfani da shi. Ana kiran cibiyar OPHI, kuma Sabina Alkire ce ke jagorantarta. Ita da James Foster, malamin da yanzu yake Jami'ar George Washington a Amurka, suka ƙirƙiro hanyar lissafin da ake kira da sunayensu su biyu. A 2010 cibiyar ta haɗa hannu da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da ma'aunin talauci mai fuskoki da yawa na ƙasashe sama da 100.

Kada sunan ya tsorata ku, lissafin bai fi ƙarfin ɗan aji ɗaya ba. Ana duba abubuwa goma a kowane gida. Don sauƙi, mu ce makin duka 18 ne. Huɗu daga cikin abubuwan kowanne maki 3 ne: akwai wanda bai samun isasshen abinci mai gina jiki a gidan? An rasa yaro a cikin shekara biyar da suka wuce? Shin babu ko mutum ɗaya da ya kammala shekara shida ta karatu? Akwai yaron da ya isa makaranta amma ba ya zuwa? Sauran shidan kowanne maki 1 ne: girki da itace ko gawayi ko kashin shanu, rashin masai mai inganci, rashin ruwan sha mai tsabta ko kuma sai an yi tafiyar rabin awa zuwa da dawowa kafin a samo shi, rashin lantarki, rashin ingancin daɓe ko bango ko rufi, da rashin kayan amfani irin su rediyo, waya, keke ko babur. Huɗu sau uku 12, a ƙara 6, ga 18. A nan tara maki ba abin murna ba ne, domin kowane maki rashi ne. Gidan da ya kai kashi ɗaya bisa uku, wato maki 6, an ƙidaya mutanensa cikin matalauta.

Mu gwada. Ga gida, maigidan yana da babur yana samun na cefane kullum. Amma akwai yarinya 'yar shekara tara da ba ta zuwa makaranta, maki 3. Akwai ƙaramin yaro da ke fama da tamowa, maki 3. Da itace ake girki, maki 1. Jimla 7. Mudun kuɗi zai iya tsallake wannan gida, wannan mudun kuwa ya kama shi. Ga wani gidan kuma: itace, babu lantarki, rijiya da nisa, daɓen ƙasa. Maki 4. Ba a sa shi cikin matalauta ba, amma ana lissafa shi cikin waɗanda ke bakin gaɓa. Idan fari ko ciwo ya cire yaro ɗaya daga makaranta, ya faɗa.

Abin da ya sa wannan ma'auni ya karɓu shi ne ana iya warware shi kamar yadda muka warware kuɗin tara. A rahoton 2021 an rarraba alƙaluman bisa ƙabila da jinsi. A nan aka ga cewa cikin matalauta biliyan 1.3 da aka ƙidaya a ƙasashe 109, kimanin kashi biyu bisa uku suna zaune ne a gidajen da babu mace ko ɗaya da ta kammala shekara shida a makaranta. 'Yan mata, ku sake karanta wannan jimlar. Ma'aunin kuma yana nuna ci gaba idan an samu: a Indiya mutum miliyan 415 suka fita daga irin wannan talauci a cikin kimanin shekara 15. Ƙasashe irin su Meziko a 2009 da Kolombiya a 2011 sun mayar da irin wannan awo na hukuma, suna tsara ayyukansu da shi.

Da aka auna Najeriya

A watan Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da namu, tare da haɗin gwiwar cibiyar ta Oxford da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ma'aikata sun shiga gidaje sama da 56,000 tsakanin Nuwamban 2021 da Fabrairun 2022, a duk jihohi 36 da Abuja, ta yadda za a iya fitar da sakamakon kowace mazaɓar sanata daga cikin 109. Ba a kwafo mudun duniya yadda yake ba. An faɗaɗa abubuwan dubawa zuwa 15, aka ƙara ɓangare na huɗu da ya shafi rashin aikin yi da matsalar tsaro. Wanda ke zaune a ƙasar nan ya san dalili. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sakamakon ya nuna mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan ƙasa, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa. Awon kuɗi da hukumar ta yi a 2018 zuwa 2019 kashi 40 ya nuna. A karkara kashi 72 ne, a birane 42. A Jihar Ondo kashi 27 ne, a Jihar Sakkwato 91. Cikin yara 'yan ƙasa da shekara 18, wato sa'o'inku da ƙannenku, biyu cikin kowane uku suna ciki. Kuma kashi 65 na dukkan matalautan, mutum miliyan 86, a Arewa suke.

Ku tsaya a kan wannan lamba ta ƙarshe, domin a nan mutane da yawa ke tuntuɓe, har da manya. Cewa kashi 65 na matalauta suna Arewa daban, cewa kashi 65 na 'yan Arewa matalauta ne daban. Ta farko tana raba matalautan ƙasa tsakanin Kudu da Arewa. Ta biyu tana raba 'yan Arewa tsakanin masu shi da marasa shi, kuma ba ita rahoton ya faɗa a wannan wuri ba. Duk lokacin da kuka ji an ce kashi kaza, ku tambaya: kashi kaza na me? 'Yar jaridar da ba ta iya wannan tambaya ba za ta yaɗa kuskure da zuciya ɗaya.

Ga wani abin lura. Jihar da ke bin Sakkwato a wannan jeri ba a Arewa take ba. Bayelsa ce, jihar da ake haƙo man fetur. Wanda ya zo da tunanin cewa talauci na wata ƙabila ne ko wani yanki, wannan layi ɗaya ya isa ya sa shi ya sake tunani. Mu kuma bai kamata mu ɗauki wannan a matsayin abin rarrashin kai ba. Miliyan 86 ba baƙi ba ne, maƙwabtanmu ne, wasunmu ma gidajenmu ne.

Da ɗan gari akan ci gari

Na san wani zai ce, ni ba a zo gidanmu ba, ta yaya gida 56,000 za su yi magana da yawun mutum sama da miliyan 200? Ku dubi mai miya. Ba ta shanye tukunya kafin ta san ko gishiri ya ji, cokali ɗaya ya isa. Amma da sharaɗi, sai ta juya miyar tukuna. Mai sayen hatsi ma ba ya yarda da na saman buhu, yakan zura hannu har ciki. A bincike, juya miyar shi ne a zaɓi unguwanni da gidaje ta hanyar ƙuri'a, yadda kowa ke da damar a faɗo kansa. Idan mai bincike ya tsaya a bakin titi ya tambayi waɗanda suka fi sauƙin samu, na saman buhu ya ɗiba.

Wannan ya kawo mu aiki na uku, wanda a nahiyarmu aka haife shi. A 1999 malamai uku suka haɗa binciken da kowannensu ke yi ya zama ɗaya: Michael Bratton na Jami'ar Jihar Michigan a Amurka, Robert Mattes a Afirka ta Kudu, da Gyimah-Boadi a Ghana. Suka kira shi Afrobarometer. Sun fara da ƙasashe 12, har da Najeriya, yanzu kuma ya shiga ƙasashe sama da 30, hedkwatarsa tana Accra. Jami'ar Cape Town da Jami'ar Nairobi suna cikin masu riƙe da aikin. A Nijar, wata cibiyar bincike da ke Yamai mai suna LASDEL ce ke gudanar da shi.

A kowace ƙasa sukan zauna da mutum 1,200 zuwa 2,400, rabi maza rabi mata, ido da ido, cikin harshen da mutum ya zaɓa, har da Hausa. Suna tambaya: a shekarar da ta wuce sau nawa ka rasa isasshen abinci, ko ruwa mai tsabta, ko magani, ko makamashin girki, ko kuɗin shiga? Suna kuma tambaya ko mutum ya fi jin kansa ɗan ƙasa ko ɗan ƙabilarsa, da ko yana ganin gwamnati na yi wa ƙabilarsa rashin adalci. Sakamakon yana intanet kyauta, kowa na iya dubawa.

Akwai ɗan lissafin da ke nuna iyakar kuskuren irin wannan samfur. Ku nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da adadin mutanen da aka tambaya, wato sikwaya-rut da kuke yi a aji, sai ku raba 100 da ita. Idan mutum 100 aka tambaya, lambar 10 ce, kuskuren zai iya kai maki 10 sama ko ƙasa. Idan 1,200 ne, lambar ta kusa 35, kuskuren kamar maki 3. Idan 2,500 ne, maki 2. Ga sikwaya-rut ɗin da kuke cewa ba shi da rana.

To me ya sa jami'a ɗaya ba ta yin irin wannan aiki ita kaɗai? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma dalilin ya fi yawan aiki. Na farko, mudu. Kun san mudun wata kasuwa ba ɗaya yake da na wata ba. Idan Ghana ta auna da nata, Nijar da nata, ba za a iya kwatanta su ba, sai an zauna an yarda da tambaya ɗaya da awo ɗaya. Na biyu, gyara. Wanda ya yi lissafi ba ya saurin ganin kuskurensa, sai wani daga wata jami'ar ya sake bi. Na uku, sanin wuri. Farfesan da ke Oxford ya iya lissafi, amma a ce ya shigo gidan gandu mai sassa biyar, gida ɗaya zai rubuta ko biyar? Masu bincike da yawa sukan ɗauki waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya a matsayin gida ɗaya, kuma sai ɗan gari ne zai gane tukunya nawa ake ɗorawa. Shi ne ya san gidan da namiji baƙo ba ya wuce zaure, sai an turo mace. Shi ne ya san cewa idan ka tambayi dattijo ko ya kwana da yunwa, kunya za ta sa ya ce alhamdu lillahi, sai an san yadda za a bi da tambayar. Idan aka yi kuskure a zaure, babu kwamfutar da za ta gyara shi a Ingila.

Abin da lamba ba ta faɗa

Kada ku fita daga nan kuna ganin duk abin da aka rubuta da alƙaluma yankan wuƙa ne. Mutane ne suka zauna suka ce rashin makaranta maki 3 ne, rashin lantarki maki 1, kuma ana iya yi musu gardama. Ma'aunin gida yana ɗaukar mutanen gida a dunƙule, alhali a cikin gida ɗaya ma wani yakan fi wani samu. A binciken sunaye na Amurka, wasu masana sun ce wataƙila sunan yana nuna wa mai ɗaukar aiki matsayin iyayen mutum ne, ba launin fatarsa kaɗai ba, aka kuma yi ta sabbin gwaje-gwaje a kan haka. Lamba takan nuna inda ciwo yake, amma sanin dalilinsa sai an haɗa da tarihi da zama da mutane. Kuma awo ba ya gina aji ko ya haƙa rijiya. Sai an sami wanda zai ɗauki takardar ya je gaban masu iko ya ce ga abin da aka gani a mazaɓarku, me kuka yi a kai?

Ƙanwata, wannan mutumin ke ce, idan kin shirya. Lauyar da ta iya karanta jadawali da 'yar jaridar da ta san bambancin matsakaici da na tsakiya ba a rufe su da dogon Turanci. Ku kuma sauran, ku lura da wani abu: yawancin waɗanda ake ƙidayawa a wannan rahoto mutanenmu ne. Idan babu namu a teburin da ake tsara tambayoyin da fassara sakamakon, kullum wasu ne za su riƙa ba da labarinmu, mu kuma muna jin haushi daga nesa. Ana koyar da lissafi, tattalin arziki da nazarin zamantakewa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Bayero a Kano, da Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Abdou Moumouni a Yamai. Hanyar zuwa can ta cikin ajin lissafin nan da kuke zillewa ta bi.

Aikin wannan mako

Ku nemi izinin malaminku ku yi wannan a ajinku. Kowa ya sami 'yar takarda, kada ya rubuta suna. Ya rubuta abu uku: namiji ne ko mace, minti nawa yake ɗauka daga gida zuwa makaranta, da minti nawa yake samu ya yi karatu a gida bayan ya gama aikace-aikace. 'Yan makarantar kwana su rubuta na lokacin hutu a tambaya ta uku, su bar ta biyu. A nannaɗe takardun a zuba a kwali. Ku fitar da matsakaici, ku fitar da na tsakiya, sannan ku raba na maza daban na mata daban ku sake lissafawa. Idan kuna da aboki a wata makarantar, ku ba shi tambayoyin nan ba tare da canza ko kalma ɗaya ba, ku kwatanta abin da kuka samu. Kun yi haɗin gwiwar bincike ke nan.

Sharaɗi ɗaya ne: ba a neman gano takardar wane ce wannan, kuma ba a yi wa kowa dariya. Manyan masu bincike ma a kan wannan amana suke aiki, shi ya sa mutane ke buɗe musu ƙofa.

Ku aiko mana da abin da kuka gano, da sunan makarantarku da ajinku, za mu duba wasu daga ciki tare a wannan fili. Ke kuma mai tambaya, ina jiran naki kafin na kowa. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.